Usta Haruna da Tarago na Shida

Shekara bakwai ke nan cif da muka kai Usta Haruna makwancinsa a wata maƙabarta da ke bayan garin Alƙahira. Shekara bakwai kuma ke nan mutanenmu na unguwar Ainu Shams, Hausawan Sudan da mu 'yan Nijeriya, suke ba da labarin rasuwarsa a karkace, ni kuwa da na san daidai ina zaune a cikinsu na yi gum. Abin da ake faɗa shi ne taurin kai ya kai shi. Matarsa, Hajja Batulu, ta yarda da hakan, ta kuma ɗauki fushi da shi ta riƙe har bayan ya shiga ƙasa. Aikina a ƙasar nan duba kurakuran bugu ne a wata ƙaramar maɗaba'a, ana biya na don in kamo wasalin da ya ɓace a littafin wani. Abin kunya ne a ce mai irin wannan sana'a ya bar kuskure mai girma haka a kan mutumin da ya riƙe shi kamar ɗan cikinsa. Yau zan gyara shi.

Ga wanda bai san shi ba, Haruna Bahaushen Sudan ne. Kakanninsa sun taso daga ƙasar Hausa da niyyar hajji, guzuri ya ƙare musu a bakin kogin Nilu, suka zauna. Shi kuma ya tashi a garejin reluwe na garinsu, ya koyi gyaran injin dizal tun gemu bai fito masa ba. Da zama ya yi wuya ya kwaso iyali ya zo Masar, amma ba wanda zai ba baƙo aikin jirgin ƙasa, sai ya koma gyara wa manoma injin ban-ruwa a ƙauyukan da ke arewa da birni. Usta shi ne abin da mutanen nan ke kiran gwanin sana'ar hannu. Ni kuwa da na zo karatun addini, na gama na maƙale ban koma gida ba, ana ce mini Ustaz. Ranar da muka fara haɗuwa ya kama hannuna ya juya shi, ya ce, "Ni usta, kai ustaz. Harafi ɗaya ne tsakaninmu, amma dubi hannunka, dubi nawa." Tun daga ranar nake ce masa Baba Usta.

Hanyarmu ɗaya ce kowace safiya. Mu hau metro, jirgin cikin birni, daga Ainu Shams mu sauka a ƙarshen layi, daga nan mu kama tsohon jirgin dizal da ke ratsa ƙauyuka. Ni in sauka a tasha ta biyar inda maɗaba'armu take, shi ya wuce duk inda aka kira shi. Misirawa suna kiran irin wannan jirgi ashshash, wato mai tsince, saboda ba ya wuce tasha komai ƙanƙantarta, kowa ya tarar sai ya ɗauka: ma'aikaci, ɗalibi, soja mai komawa bariki, matar da ta ɗauko cuku da agwagwa za ta kasuwa. Ba shi da sauri, ba shi da sanyi, rabin tagoginsa babu gilashi. Amma sannu ba ta hana zuwa, kuma kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Baba Usta yana son sunan nan ƙwarai. Yakan ce sunan alkawari ne, duk jirgin da ya amsa shi bai da ikon barin kowa a ƙasa.

Lokacin da na fara hawa, taragu shida jirgin ke ja, kuma dakalin tashar an gina shi daidai tsawon shidan. Daga baya sai aka fara ganin biyar, aka wayi gari huɗu sun zama ka'ida, ranar da abin ya ɓaci a zo da uku. Ba a taɓa sanar da kowa ba. Wata rana kuma jirgin ya maƙale a tsakiyar gonaki, a zauna awa guda ana fifita da tikiti. Baba Usta ba ya buƙatar sanarwa, tun jirgi na nesa yake karkata kai ya saurara, ya ce, "Wannan numfashinsa ba ya cika, yau huɗu za mu gani." Da wuya ya kuskure. Shi ya fahimtar da ni yadda abin yake: in kan jirgi ya gaji ba zai iya jan shida ba sai a rage masa kaya, in kuma tarago ya lalace babu kayan gyara sai a kwance na wani a ɗaura masa, wancan ya zauna ke nan. Bai taɓa zagin injin ba. A wurinsa tsoho ne da aka hana shi haƙƙinsa, aka kuma ce ya ci gaba da noma.

Mutane kuwa ba su da wuyar koyo. Tunda gajeren jirgi a gaban dakali yake tsayawa, sai kowa ya koma can ya cunkushe, rabin dakalin na baya ya zama kufai. Kowa ya matsa, har da ni. Mutum ɗaya ne ya ƙi. Akwai wani ginshiƙi a can ƙarshe, daidai inda ƙofar tarago na shida take tsayawa a da, nan Baba Usta yake kafewa da farar jallabiyarsa da jakar kayan aikinsa, shi kaɗai kamar wanda aka manta. Sai jirgi ya tsaya cak, ya dubi wurin da babu komai sai ƙarfen dogo, sannan ya tako a natse ya zo ya shiga ta ƙofar baya ta taragon ƙarshe.

Na yi masa magana har na gaji. Wata safiya na ce, "Baba Usta, da babu ai gara ba daɗi. Huɗun nan ma Allah ya bar mana su."

Ya ce, "Ustaz, in duk muka matsa, wa zai nuna cewa akwai abin da ya ɓata? Mai cire tarago ba ya tsoron masu zagi. So yake a manta."

Haka kuma ya tsani kalmar ma'alish in dai a kan jirgin ne. Kalma ce da ake yayyafa wa komai a garin nan, daga taka ƙafa har rushewar gida, ma'anarta ka yi haƙuri, ba komai. Shi kuwa ya raba ta da haƙuri. A cewarsa haƙuri na abin da Allah ya saukar ne, kuma shi ne maganin zaman duniya, amma taragon da mutum ya kwance da sufana ba daga sama ya sauko ba. In jami'in tasha ya ce masa ma'alish, sai ya amsa da ladabi cewa ya gode, amma taragu biyu yake tambaya.

Ban iya yi masa musu da zuciya ɗaya ba, domin ni ɗan Ƙauran Namoda ne, kuma mu mun san yadda jirgi yake mutuwa. Ba ya faɗuwa rana ɗaya. Mahaifina yana ba da labarin lokacin da tasharmu ke cika da gyaɗa da fasinja, ni kuwa da na yi wayo awaki na tarar suna kiwo a tsakanin dogo. Tsakanin zamaninsa da nawa ba wanda ya fito ya ce an kashe jirgi. An rage, an jinkirta, an ce gobe, mutane suka koma mota, sai aka ce ai ba fasinja. Masu karatu a gida, kun san wannan labarin fiye da ni. Da na ba Baba Usta shi, bai yi mamaki ba, ya ce nasu jirgin na Sudan ma haka aka yi masa, shi ya sa da ya ga gemun maƙwabci ya kama wuta bai tsaya kallo ba.

Akwai wani abu da ban lura da muhimmancinsa ba sai daga baya. Kumsarin jirgin safe, wato mai duba tikiti wanda kuma shi ke ba direba alamar tashi, wani dattijon Bamisire ne mai furfura a gashin baki. A ƙofar baya yake tsayawa. Da farko haushin Baba Usta yake ji, daga baya abin ya koma wasa tsakaninsu, har ya zama kafin ya hura usur sai ya leƙa baya. In ya hango farar jallabiya tana tahowa sai ya dakata, ya miƙa hannu ya jawo shi. Mu da ke gaba muna ta gwabza kafaɗa, tsohon da muke yi wa dariya yana shiga ba wanda ya taɓa shi.

Sai ciwon ƙoda ya kama shi. Jakar kayan aiki ta koma ƙarƙashin gado, tafiyar jirgi kuwa ta zama ta dole fiye da da, domin inda aka samar masa gurbin wankin ƙoda kyauta wata cibiyar taimako ce a wani gari da ke kan layin nan. Lahadi, Talata da Alhamis, da safe. Injinan ba su da yawa, masu jira sun fi su, in ka makara sai a ɗora na bayanka. A hannunsa na hagu likitoci suka haɗa masa jijiyar da ake soka allurar wankin, suka gargaɗe shi kada a matse hannun, kada a ja shi, ko agogo kada ya ɗaura. Motocin haya na hanyar kuwa sai an canza uku, ga tsada, ga matsi. Jirgin nan dai shi ne hanya. Duk da haka bai bar ginshiƙinsa ba, sai dai takun ya ragu.

Sau da yawa nakan tambayi kaina abin da zai ce da ya ga Alƙahirar yau. An shimfiɗa sababbin layukan metro, an kawo jiragen lantarki masu sanyi kamar ɗakin amarya, har da wanda ke tafiya a sama kan doron siminti ya nufi sabon birni a cikin hamada. Na tabbata da zai je ya gani, ya shafa, ya yaba aikin, domin shi mai girmama ƙarfe ne. Daga nan zai tambaya ko a cikin kuɗin an ware na zoben fistan na injin ashshash. Zai ga Ainu Shams ta cika da 'yan'uwansa da yaƙi ya koro daga Sudan, da yawansu suna bin jirgin nan neman aikin gona, fasinja sun ƙaru, taragu ba su ƙaru ba. A makon jiya uku na ƙirga, kuma matasan da ke maƙale a ƙofa ba su ma san an taɓa yin shida ba. Wannan ne zai fi yi masa ciwo, domin abin da ya ce za a yi ke nan.

Yanzu ga abin da ya faru a waccan Alhamis. Mako biyu kafin ta, an kawo wani kumsari na riƙon ƙwarya wanda bai san Baba Usta ba, ya hura usur ya bar shi a ƙasa, da ƙyar ya isa cibiyar a mota. Hajja Batulu ta tashi hankalinta, kuma tana da gaskiya. Ta roƙe shi, ta yi kuka, ta haɗa shi da Allah ya bar wannan tsayuwa ya shiga cikin mutane kamar kowa. Bai ce mata e ba, bai ce a'a ba, haka halinsa yake. Da na iso tasha ranar Alhamis na duba ginshiƙi ban gan shi ba, har na ɗauka jikin ne ya hana shi fitowa. Sai na ji an taɓa kafaɗata. Ga shi a tsakiyar taro, a gaban dakali, ya rungume hannun hagunsa a ƙirji. Na buɗe baki zan yi masa tsiya, ya ce, "Hajja ce ta ce. Rufe bakinka."

Jirgin ya makara da kusan rabin awa, dakali ya cika maƙil. Da ya iso, taragu biyu ne. Ban taɓa ganin biyu ba kafin ranar. Mutane suka yi kansa gaba ɗaya, ba don mugunta ba, kowa yana da inda ake jiransa. Taro ya ɗauke ni ya jefa cikin ƙofa ba tare da ƙafata ta san yadda aka yi ba. Na juyo na ga Baba Usta taku biyu daga matakala, na miƙa hannu na cafko shi, ashe hannun hagun na kama. Ya fizge. Dole ya fizge. Kafin ya miƙo na dama wasu mutum uku sun shiga tsakaninmu, aka hura usur, jirgi ya ja. Na kira shi a waya daga cikin matsi na ce zan sauka a tasha ta gaba in dawo. Ya ce in wuce aikina, na baya yana tafe. Na kuwa wuce, kuma wannan laifin nawa ne, ba na raba shi da kowa.

Na bayan bai zo ba sai bayan awa biyu, an ce injinsa ne ya tsaya a hanya. Baba Usta ya gaji da tsayuwa ya koma gindin ginshiƙinsa ya zauna, don nan ne kawai ke da inuwa. A nan wani maƙwabcinsu ya hango shi daga kan gadar masu tafiya da ƙafa, ya koma unguwa ya ce ya ga Usta a wurinsa na kullum, jirgi ya tafi ya bar shi. Mutumin bai yi ƙarya ba, abin da ya gani ya faɗa. Da Baba ya isa cibiyar an riga an ɗora wani a kan injin, na rana ma sun cika, aka ce ya dawo Asabar za a nema masa wuri.

Ranar Juma'a bayan an sauko na je gidan. Ƙafafunsa sun kumbura, numfashi yana yi masa wuya, amma ya hana a kai shi ko'ina, wai gobe ce Asabar. Hajja tana kicin, ƙarar tukwane kaɗai ta ishe ka sanin halin da ake ciki. Ya yafito ni na matso, ya ce, "Abin da ka gani jiya, ka bar shi a cikinka. Ko bayan raina." Na ce to. Na ɗauka girman kai ne, ba ya so a ji cewa Usta Haruna ya matsa. Da safiyar Asabar, ana shirin fita, zuciyarsa ta tsaya.

Sai bayan sadakar arba'in na gane. Tsohon kumsarin nan ya tare ni a cikin jirgi ya tambaye ni ina Alhaji mai farar riga. Na gaya masa. Ya yi salati, sannan ya ce, "Ran nan na leƙa baya ban gan shi ba. Na ce yau bai fito ba, na hura." Ashe tsayuwar da muke kira taurin kai ita ce take shigar da shi jirgi duk shekarun nan. Ranar da ya bi maganar matarsa, ranar ya rasa jirgi. Ya san haka tun yana zaune a gindin ginshiƙi, ya auna, ya ga gara ta rayu tana jin haushinsa da ta rayu tana ganin ita ta tura shi.

To haka na ɗauki wannan kaya shekara bakwai. Alkawari kaya ne, na sani, na kuma karanta babinsa a gaban malamai. Amma na karanta babin ɓoye shaida, kuma kullum biyun suna kokawa a ƙirjina. Ina zaune a wurin suna ko ɗaurin aure, wani zai kawo labarin Usta mai ginshiƙi a yi dariya, a rufe da Allah ya jiƙansa, amma dai ya cika kafiya. Har misali ya zama a unguwa, in mutum ya ƙi jin shawara sai a ce kada ka yi irin ta Usta. Duk shekara mukan je ziyarar kabarinsa da 'yarsa Sakina da mijinta. Hajja ba ta taɓa bin mu ba. Takan dafa abincin sadaka, ta raba, ta ce ta sauke nata.

Ni dai ban ce jirgi ne ya kashe shi ba. Ajali ne, kuma ba ya jira. Amma ban yarda a lulluɓe komai da ajali a wuce ba, domin in haka ne ba za a taɓa tambayar kowa komai ba a duniya. Ba laifin Hajja ba ne da ta roƙi mijinta ya tsira. Ba laifin kumsari ba ne da ya duba bai ga kowa ba, ba kuma na talakawan da suka yi turereniya don kada a kore su daga aiki ba. Da taragu shida suka zo a ranar, da tsoho mai hannu ɗaya ya shiga daga duk inda ya tsaya, gaba ko baya, ba wanda zai san ma an yi. Wani ya san kan jirgin nan ya gaji tun shekaru, wani ya sa hannu aka fito da biyu a safiyar da ake buƙatar shida, ya tafi gida ya ci abincinsa. Ban san sunansa ba, shi ma bai san na Haruna ba. Abin da na ƙi shi ne a ɗauke laifin daga inda yake a ɗora wa mamaci saboda ba zai iya tashi ya kare kansa ba.

Watan jiya Sakina ta zo ta same ni a Abbasiya inda nake zaune yanzu. Ta ce jikin mahaifiyarta ya fara ja baya, kuma ta kira su, ita da mijinta, ta yi musu wasiyya cewa in ta mutu a nema mata wata maƙabartar, kada a kai ta kusa da shi. Wai mutumin da ya zaɓi ginshiƙi ya bar ta, ya ci gaba da zama da ginshiƙinsa. Sakina tana faɗa tana kuka, tana roƙo na in je in ba ta baki tunda tana jin maganata. A nan na san alkawarin ya kai iyakarsa. Baba Usta ya nemi ya sauƙaƙa mata, bai nemi a raba su har a ƙasa ba, kuma da ya san inda abin zai kai da shi da kansa zai ce in buɗe baki.

Na je da hantsi. Na same ta a kan darduma tana gasa bunnin gahawa irin na mutanen Sudan. Na gaishe ta, na zauna a ƙasa, na faɗa mata komai tun daga taɓa kafaɗa har maganar kumsari. Ban rage ba, har da hannun da na kama, har da wucewar da na yi. Ban ɗaga kai ba sai da na ji ƙaurin bunni ya cika ɗakin, ta bar shi ya ƙone a kan wuta.

Ta ce, "Ya matsa?"

Na ce, "Ya matsa, Hajja. Ya ce ke kika ce."

Abin da nake tsoro shi ne ta ce ashe ita ce, na kuma tanadi amsoshi tun daga gida. Ba ta ce ba. Sai ta tambaye ni taragu nawa suka zo. Na ce biyu. Ta maimaita kalmar a hankali, ta ce shekara arba'in da ɗaya tana aure da shi bai taɓa bin maganarta a kan komai ba sai sau ɗaya, a sau ɗayan kuma aka turo masa biyu.

Idan aka tambaye ni abin da ya rage na Usta Haruna, ba zan yi ƙarya in ce ya gyara wani abu ba. Jirgin yana nan yadda ya bar shi, ko ma ya fi lalacewa. Injinan ban-ruwan da ya tayar an sayar da yawancinsu a kilo, jakar kayan aikinsa tana wurin surukinsa da bai san kan sufana ba. Abin da ya bari shi ne mu 'yan kaɗan da ba za mu iya ganin abu ya ragu mu yi kamar haka aka halicce shi ba, kuma wannan ba gado ne mai daɗin ɗauka ba, yana hana mutum sakewa. Ya kuma bar mini sanin cewa mutumin da ya ƙi tanƙwaruwa ga hukuma shekara da shekaru ya tanƙwaru ga matarsa a safiya ɗaya, ya kuma yarda a yi masa mummunar shaida don kada ta ji ciwo. Na ƙaunace shi yana raye, amma sai da ya mutu na san girmansa. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Kafin in tashi na nemi izinin Hajja in rubuta wannan a jarida, don mutanen da suka yi dariya su ji. Ta ce in rubuta, in kuma tabbata na sa adadin taragun, kada in kuskura in rage ko in ƙara. Ta kira Sakina ta ce a samo mota ranar Juma'a, akwai wanda za ta je ta gani, maganar wasiyya kuma a bar ta. Na ji sanyi a raina, na yunƙura zan yi sallama, sai ta ɗaga mini hannu.

Ta ce, "Shi ya yanke mini abin da zan iya ɗauka bai tambaye ni ba, kai kuma ka taya shi. Shekara bakwai kana cin tuwona, kana kallo ina fushi da mutum a kabari. Shi na yafe masa, sai dai in roƙi ya yafe mini." Ta kwashe ƙonannen bunnin ta zubar, ta ɗebo wani ta zuba a kasko. "Kai kam tukuna."